Bayan Umra, ina za a sauka a Asir: gidan mutanen ƙauye, otal, ko shaƙƙa?

Kusan duk shekara sai wani daga gida ya kira ni da magana iri ɗaya. Ya gama Umra, ya yi ziyarar Madina, bizarsa da sauran kwanaki, ya kuma ga hotunan wasu duwatsu masu hazo a waya an ce masa wai nan ma Saudiyya ce. Yana so ya gani da idonsa kafin ya koma. Daga nan sai tambayar masauki ta biyo baya. Ni mazaunin Jidda ne, na haura shekara goma a nan, kuma sau uku ina zuwa Asir, yankin tsaunuka da ke kudu maso yammacin Saudiyya. Zuwan farko ni da maiɗakina muka sauka a otal a Abha, babban birnin yankin. Na biyu muka tafi da yara muka kama gidan haya mai kayan ɗaki, wanda a nan ake kira shaƙƙa. Na uku da Hajiyarmu da ƙanwata ne, lokacin da suka zo daga Kano, muka kwana biyu a gidan wasu bayin Allah a wani ƙauye kusa da Rijal Alma'a. Na ukun nan shi ya fi zauna mini a rai, kuma shi ne wanda na fi jin tsoron in ce wa kowa ya je ba tare da na yi masa bayani ba.

Maganar biza tukuna, a taƙaice. Tun 2022 aka tsawaita bizar Umra zuwa kwana 90, aka kuma bar mai ita ya zagaya sauran garuruwan ƙasar. Bizar Hajji ba ta ba da wannan dama. Saboda haka maganata da masu Umra ce, da masu bizar ziyara, da mu masu igama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ka sanar da ejan ɗinka inda za ka, ka kuma riƙe ranar fitarka da kyau, domin tarar wuce wa'adi tana da nauyi.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne Asir hawa biyu ce. Abha tana can bisa tsaunukan Sarawat, tsayinta daga gaɓar teku ya haura mita 2,200, Suda kuwa da ke kusa da ita ta doshi mita 3,000. A watan Yuli, lokacin da Jidda ke tafasa, mutumin Abha yana jan bargo da dare. Amma Rijal Alma'a, ƙauyen nan mai benayen dutse da kowa ke ɗauka a hoto, tana kimanin kilomita 50 yamma da Abha, kuma sai an gangaro daga kan tsauni zuwa ɓangaren Tihama, wato ƙasar da ke gindin tsaunuka ta wajen teku, ake isa gare ta. Can ƙasa da ɗumi. Mutanen yankin sun daɗe da sanin haka: da bazara a hau sama, da sanyi a gangara Tihama. Wanda ya gudo wa zafin Makka a watan Agusta ya je ya kama ɗaki a ƙauyen ƙasa, ya yi tafiyar da ba ta biya masa buƙata ba. Wanda ya zo a Disamba ko Janairu kuwa, ƙasan ne wurin zama, domin sanyin Abha a lokacin yana ratsa ƙashi. Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, ka tambayi ƙauyen a sama yake ko a ƙasa.

A zuwan nan na uku, mun isa gidan ƙauyen bayan La'asar. Maigidan dattijo ne, tsohon malamin makaranta, ya tare mu a bakin hanya yana faɗin "marhaban alf", wato maraba dubu, gaisuwar mutanen Asir ke nan. Gidan da ya sauke mu na kakanninsa ne, ginin dutse, ya gyara shi ya sa lantarki da na'urar sanyaya ɗaki, shi da iyalinsa suna zaune a sabon gini a gefe. Ni aka shigar da ni majalisin maza, su Hajiya aka wuce da su ciki. Ɗansa ya tsaya da butar gahawa a hannun hagu yana zubawa a 'yan ƙananan kofuna, kaɗan-kaɗan, ana karɓa da dama, ga dabino a gefe. Muddin ka miƙa kofin haka kawai, ƙara maka za a yi. Sai ka ɗan girgiza shi tukuna a san ka ƙoshi. Mun kai kusan awa guda a zaune ana tambayar hanya da iyali da ƙasa kafin wani ya ambaci ɗaki ko makulli.

A otal ɗin Abha kuwa, daga shigarmu zuwa kwanciyarmu bai fi minti goma ba. An karɓi igama, an ba mu kati, an nuna mana lif. Babu wanda ya san sunan garinmu, babu kuma wanda muke bin sa bashin gaisuwa. Duk sauran bambancin da zan faɗa daga nan ya samo asali. A otal kai mai saye ne. A gidan mutane, ko da ka biya kuɗi, baƙo kake, kuma Bahaushe ya san baƙunci yana da daɗi, yana kuma da nauyi.

Daɗin dai ba ya misaltuwa. Bangon ɗakin da aka sauke su Hajiya cike yake da zane mai launin ja da kore da rawaya da shuɗi, layi bisa layi, da 'yan siffofi masu kusurwa uku kamar haƙoran zarto. Shi ake kira ƙaɗɗul Asiri, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. A wurinmu magina maza ne ke yi wa soro da fuskar gida zane a Kano da Zariya. A Asir mata ne ke yi, kuma a cikin ɗaki. Uwargidan da 'ya'yanta ne suka sabunta wannan da hannunsu. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da ƙanwata, "Ke duba, ai jeren ɗakin amarya ne aka mayar da shi fenti." Washegari babban ɗan gidan ya kai mu tsohon ƙauyen Rijal Alma'a, inda benaye wajen sittin suke jingine da dutse, an yi wa tagoginsu ado da farin dutse mai ƙyalli. Akwai gidan tarihi da mutanen garin suka kafa da kansu a 1985, suka tara kayan iyayensu a ciki. A 2021 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ƙauyen cikin fitattun ƙauyukan yawon buɗe ido. Wanda ya sauka a Abha ma yana iya zuwa ya ga duk wannan da rana ya koma. Abin da ba zai samu ba shi ne mai nuna masa cewa wancan benen na dangin kakarsa ne, ga kuma hanyar da fatake da alhazan Yaman suke bi su nufi Makka.

Nauyin kuwa ga shi. Ba ka barci har hantsi a gidan da aka tashi da asuba aka gasa maka gurasa. Ba ka dawowa ƙarfe ɗayan dare kana buga ƙofa. In yara suka yi ta tsalle, kai ne za ka ji kunya. In maigida ya aiko a kira ka hira bayan Isha'i, ka gaji ko ba ka gaji ba, za ka je. A dare na biyu ruwa ya ɗauke a banɗakinmu. Da a otal ne, waya zan ɗaga in yi magana, in ba a gyara ba in nemi a sauya mana ɗaki. A nan na daɗe a tsaye ina jin nauyin in buga wa dattijon da ya yini yana hidima da mu. Da na faɗa, shi da ɗansa suka ɗauko mana ruwa a jarkoki suna ta ba da haƙuri, har na fi su jin kunya. A nan na fahimci cewa gidaje da yawa a ƙauyukan dutse motar tanka ce ke kawo musu ruwa a zuba a tanki. Baƙon da ya buɗe famfo ya tara wankin mako guda ya ci amanar masu gida bai sani ba.

Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne. Ko da kuɗinka kake zaune, ina ganin wannan ma'aunin yana aiki. Kwana biyu a irin wannan gida ni'ima ne. Daga na huɗu, hira ta ƙare, uwargida ta gaji da girki, kai ma ka fara marmarin ka rufe ƙofa ka miƙe ƙafa.

Mutane da yawa suna zaton gidan ƙauye ya fi araha. Ba lallai ba ne. Irin waɗannan gidaje ba su da yawa, kuma 'yan Riyad da Jidda suna rububinsu, don haka mai kyau daga cikinsu yana iya kai kuɗin otal matsakaici, ko ma ya wuce. Sai dai galibi da karin kumallo a ciki, abincin dare kuma a yi yarjejeniya. Otal ana biyansa ne ɗaki-ɗaki, iyali mai mutum shida sai sun kama biyu ko uku, ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa tun 2020, ga abinci sau uku a waje. In lissafin kai-da-kai ake yi, shaƙƙa ce ta fi sauƙi nesa ba kusa ba: ɗaki biyu ko uku, falo, kicin, kowa ya samu wurin shimfiɗa. Lokaci ma yana da tasiri a kan duka ukun. Hutun makarantu na Yuli da Agusta shi ne kakar Abha, farashi yana tashi, haka daren Alhamis da Juma'a, tunda hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne. Mai shaƙƙa kana iya yin ciniki da shi, musamman in za ka kwana da yawa. Maigidan ƙauye kuwa, ka gama maganar kuɗi da shi a rubuce ta WhatsApp kafin ka taso: nawa ne, mutum nawa, da abinci ko babu. Bayan ka sha gahawarsa babu bakin ciniki. Ka kuma riƙe takardun riyal a aljihu, kada ka dogara da kati kaɗai.

Akwai kuɗin da ba a rubutawa, wato tsaraba. Babu wanda zai tambaye ka, amma hannu biyu ba ya kyau. Mu mun kai turaren wuta da kilishi da hula zanna guda ɗaya. Hular ce ta fi faranta wa dattijon rai, ya yi ta juya ta yana duba ɗinkin.

Abinci shi ne inda Bahaushe ya fi samun abin mamaki. Da safe gurasa ce mai zafi daga tanderun ƙasa da suke kira mifa, da zuma da man shanu. Akwai arika, wadda ake murje gurasar alkama a zuba mata man shanu da zuma da dabino. Akwai asida, wadda duk wanda ya gan ta zai ce tuwo ne. Daren ƙarshe aka kawo hanis, naman da ake rufewa a rami ya dahu a hankali har ya saki ƙashi, bisa shinkafa a faranti ɗaya, a ƙasa, kowa ya sa hannu. A Tihama ana noman dawa da gero da riɗi, mata suna ƙunshi da lalle, har Hajiya ta ce ita fa ba ta ga inda ta bar gida ba. Sai dai babu yaji. Ƙanwata ta zo da nata a jaka, kuma da uwargidan ta ɗanɗana sai da aka bar mata ragowar. Mai ciwon suga ya yi hattara ƙwarai, domin kusan komai da zuma da dabino da fulawa ne, kuma ƙin cin abincin mai masauki yana da wuya. Ka faɗa tun a waya, za su gane, ciwon nan ya yi yawa a cikinsu su ma.

A otal ba a girki. Abin da ke nan shi ne na gidajen abinci: kabsa, buhari, shawarma, shinkafa-kazar da alhazai suka gaji da ita tun Makka. Dattijon da cikinsa bai yarda da komai ba sai tuwo da miyar kuka, shaƙƙa ce maganinsa. A sayi kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya wurin matanmu a Makka ko Jidda, a tafi da su. Zuwanmu na biyu haka muka yi, kuma yara ba su taɓa kukan abinci ba.

Ga mai tafiya da mata, akwai abin dubawa. A gidan ƙauye ana raba zama, maza daban mata daban, kamar yadda muka saba. Wannan ya yi wa Hajiya daɗi, ta cire mayafi ta sake. Amma matar da ba ta jin Larabci za ta yi awanni a tsakiyar mata ba ta da tafinta, mijinta yana can majalisi. Ƙanwata ta yi Islamiyya sosai, duk da haka sai da ta sha wuya, domin Larabcin yankin daban ne. Inda littafi ya ce "al-bait", su "am-bait" suke cewa. Da alama da dariya da 'yan kalmomi aka yi hirar, kuma ta yi daɗi, amma na san matan da irin wannan zama zai takura. Ka tambayi maiɗakinka kafin ka yanke, kada ka yanke mata. Kada kuma kowa ya ɗaga waya ya ɗauki matan gida hoto, ko da bangon da ke bayansu yake so. A nemi izini, a jira su kauce. Matan da suka zo su kaɗai, tun 2019 doka ta ba su damar kama ɗakin otal da kansu, kuma otal ko shaƙƙa a cikin gari ya fi musu sauƙin shiga da fita.

A nan ne zan ja kunne a kan wani abu. Ba duk abin da aka tallata da sunan masaukin ƙauye ne gidan iyali ba. Da yawa gidan hutu ne kawai a gona, irin wanda ake kira istiraha, mai shi yana birni, ma'aikaci ne zai miƙa maka makulli ya tafi. Wannan ba laifi ba ne, amma ka san abin da kake saye: ba ka sami hidimar otal ba, ba ka sami zumuncin gida ba, ga shi ka yi nesa da gari. Tambaya ɗaya ce ke warware shi: masu gidan suna zaune a wurin? Ka kuma tambayi lasisi. Ma'aikatar yawon buɗe ido ce ke ba wa masu saukar da baƙi izini, kuma masauki mai izini zai rubuta fasfo ko igamarka kamar yadda otal ke yi. In matsala ta taso, lambar ma'aikatar ita ce 930. Ana samun irin waɗannan gidaje a manhajar Gathern ta 'yan ƙasar, da Airbnb da Booking, amma ni ta bakin wani abokin aikina ɗan yankin na samu namu, kuma har yanzu na fi yarda da wannan hanya.

Tsofaffi su ne suka fi sa ni tunani. Tsoffin gidajen dutse matakalarsu ƙunci gare ta, ga tsayi, an gina ta ne don tsaro. Hajiya tana fama da gwiwa, kuma da ba mu roƙi ɗakin ƙasa tun kafin mu zo ba, da tafiyar ta lalace. Ka tambaya ko masai na zama ne ko na tsuguno. Ka tambayi nisan da ke tsakanin inda mota ke tsayawa da ƙofar gida, domin wani sai an taka hawa. Manyan asibitoci suna Abha da Hamis Mushaiɗ, kuma daga ƙauyen ƙasa sai an hau tsauni kafin a kai gare su. Lambar motar asibiti 997 ce. A ɗaya gefen kuma, tsayin Abha yana sa wasu haki da ciwon kai a kwanakin farko, abin da ba a ji a ƙasa. Mai ciwon zuciya, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ni dai ba zan kai shi ƙauye ya kwana ba. A sauka a gari kusa da likita, a je ƙauyen da rana a dawo.

Mota kuwa ita ce ke yanke hukunci ga mutane da yawa. Daga Jidda zuwa Abha ya fi kilomita 600 a mota, a jirgi kuma awa ɗaya da 'yan mintuna. A cikin Abha ana samun tasi da motocin manhaja. A ƙauye babu wanda za ka kira ya zo. Hanyar da ta gangara daga Suda zuwa Rijal Alma'a, wadda ake kira Aƙabatus Samma, tana da kwana-kwana da gangara mai tsanani. Ana saukarta da ƙaramin giya, wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙaurinsa kafin ya kai ƙasa. Hazo yana iya rufe ta cikin ɗan lokaci, ga gwaggon biri garke-garke a gefen titi suna jiran mai buɗe gilashi. In an yi ruwa a kan tsauni, ambaliya tana gangarowa cikin kwari ko da a inda kake ba a yi ɗigo ba, don haka ba a ajiye mota ko a shimfiɗa tabarma a cikin busasshen rafi. Wanda bai saba tuƙin dutse ba ya ɗauki direba ɗan gari, ya sa kuɗinsa cikin lissafin masaukin. Da yawa in suka haɗa wannan lissafi sai su ga otal ya fi musu.

Akwai tambayar da ba a cika yi mini a fili ba, sai an kewaya: yaya za su karɓi baƙar fata? Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda kalmar Takari take fita daga bakin wasu, ya kuma san irin kallon da ake yi mana a wasu wurare. Ni ma da wannan fargabar na tafi, kuma ba zan ce ko'ina lafiya lau ba ne. Abin da na gani shi ne, a Tihama akwai masu duhun fata da yawa 'yan asalin wurin, ba mu zama abin kallo ba. Da na ce mu Hausawa ne, ƙaramin ɗan gidan ya yi tsalle ya ce, "Hausawi? Kamar Usama Hausawi?" Yana nufin kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Dattijon kuma ya riƙa kiran Hajiya "ya hajja", yana aika mata gaisuwa safe da yamma ta bakin matarsa. Duk da haka shawarata ita ce ka faɗi ko kai wane ne tun a saƙon farko: mu 'yan Najeriya ne, ko 'yan Nijar, mun zo Umra, mu kaza ne. Yadda aka amsa maka ya ishe ka. Wanda ya yi sanyi ko ya fara kawo uzuri, ka bar shi da gidansa. A otal irin wannan ba ta cika tasowa ba, tunda ba zama za a yi tare ba, kuma wannan ma wani sauƙi ne da bai kamata a raina ba.

Ta fuskar ibada kowanne da masallaci kusa, Saudiyya ce. Amma sallar Asuba a masallacin ƙauye, sahu ɗaya da rabi, kowa ya juyo ya gaishe ka, washegari a tambaye ka jikin Hajiya, wannan ban same shi a gari ba. Wanda kuma ya yi niyyar sabuwar Umra a dawowarsa, ya tuna ya fita wajen miƙati. In ya biyo hanyar gaɓar teku, Yalamlam ne miƙatinsa. In ya biyo ta kan tsauni ya ɓullo Ɗa'if, Ƙarnul Manazil ne, wanda yau ake kira Sailul Kabir. In ta jirgi ne zuwa Jidda, ya shirya haraminsa tun daga Abha.

Wanda kwanakinsa kaɗan ne, ko yake tare da wanda ba zai jure doguwar tafiya ba, ba sai ya kai Asir ba. Ɗa'if tana kimanin kilomita 90 daga Makka ta hanyar Hada, kuma a Hada da Shafa akwai gonakin wardi da ake tsinka da sassafe a watannin Maris da Afrilu, wasu masu gonakin suna saukar da baƙi. Asibiti kusa, gari kusa, ga masallacin Abdullahi ɗan Abbas a ziyarta. A yankin Baha akwai ƙauyen Zi Ain mai gidajen dutse bisa farin tsauni, da idon ruwa da gonar ayaba a gindinsa, shi ma a ɓangaren Tihama yake. Ula kuwa, arewa da Madina da fiye da kilomita 300, tana da masaukai a gonakin dabino, sai dai tsadarta ta manya ce.

In ma'aurata ne masu lafiya, ɗayansu yana jin Larabci, suna da mota ko direba, kuma zama da mutane ba ya gundurar su, ban ga abin da zai hana su kwana biyu a gidan ƙauye ba, kuma ina ganin shi za su fi tunawa a duk tafiyar bayan Harami. Iyali mai yara da yawa, ko masu zaman mako guda, shaƙƙa. Mai rashin lafiya, da wanda ba ya jin ko kalma ɗaya, da wanda ya gaji da cunkoson Makka yana neman ya rufe ƙofa ya huta, otal ne nasu, kuma babu abin kunya a ciki.

Kawuna zai zo Umra da iyalinsa a sanyin bana, su bakwai, har da surukarsa mai shekaru. Duk da sanyin, na kama musu shaƙƙa a ƙasan bene a Abha don surukar ta kasance kusa da asibiti, na ce su zo da rigunan sanyi. Surukar da yara ƙanana za su zauna can tare da maiɗakina. Shi da matarsa da babbar 'yarsu zan gangara da su ranar Litinin, mu kwana biyu, mu hau ranar Laraba kafin 'yan hutun mako su cika hanya. Na riga na kira dattijon. Ya tambayi gwiwar Hajiya, ya ce ɗakin ƙasa yana nan, uwargida kuma ta ce a taho mata da yaji.